Kabewar Da Na Ɓoye Wata Bakwai

Kabewa ɗaya ta rage a gidan ƙanena Sidor, kuma a ƙarƙashin gadona take. Tun watan Oktoba na naɗe ta cikin tsohon bargo na tura ta ƙurya, ga shi har mun shiga Mayu. Kullum da safe sai na durƙusa da gwiwoyin nan nawa da suka daina son durƙuso, in ƙwanƙwasa ta in ji ko ta fara ruɓewa.

Ba don miya na ajiye ta ba. A ƙauyenmu idan masu neman aure suka shigo da burodinsu, mace ba ta amsawa da baki. In tana so, ta ɗaura wa manyansu tawul ɗin da ta yi wa ado da hannunta. In ba ta so, ta miƙa wa saurayin kabewa, ya rungume ta ya fita gari yana kallonsa. Ni a ranar tawa an nemi kabewa sama da ƙasa an rasa, na yi shekara talatin da ɗaya da marigayi Zahariya, mutumin da bai taɓa tambayata ko na gaji ba. Shi ya sa da na ga take-taken Kalistrat a kan Aksiniya, 'yar Sidor, na ce wannan karon ba za a rasa ba.

Matrona, uwar Aksiniya, ita ma ba barci take ba. Tun Kirsimeti take ɗura mana kabewa, a dafe, a gashe, a cikin burodi, don kawai ta ƙare, har alade ya fara juya mana baya.

Ranar Juma'a da hantsi muna madafa, ina gyaran tarwada tana daka tafarnuwa, ta ce ba tare da ta dube ni ba,

"Yaya Fedosiya, jiya na je share miki ɗaki na tarar kin kulle."

"Na gode, ina da hannu."

"Wani wari nake ji yana fitowa ta ƙasan ƙofa."

"Warin tsufa ne. Ke ma yana nan tafe, ki ƙara haƙuri."

Ta ajiye taɓarya. "Jibi Lahadi mutanen Kalistrat za su zo. Kada ki kunyata mu."

"Ni wa na isa in kunyata? Aksiniya shekararta ashirin da shida, da harsuna uku take karɓar baƙi. Hannunta ne zai bayar."

"Hannunta ne, amma kabewar taki ce."

Na ci gaba da gyaran kifina.

In faɗi gaskiya, Kalistrat ba dodo ba ne. Lokacin da ciwo ya kayar da Matrona cikin hunturu, shi ya ratsa ƙanƙara ya kai ta asibiti a Tulca, ko sisi bai karɓa ba. Jirage uku gare shi masu inji, kullum suna kwaso 'yan yawon buɗe ido daga birni, su zaga da su, su sauke su a tsakar gidanmu su sha miyar kifi da tuwon masara, su tafi kafin la'asar. Da wannan abincin rana gidan Sidor yake tsaye. Abin da na tsana shi ne yadda yake nuna musu tsuntsaye. In ya hango garken kwasakwasa suna hutawa a kan ruwa sai ya taka inji ya nufe su gadan-gadan, su tashi a firgice, baƙi su ɗaga wayoyi suna tafi. Igiyar ruwan jiragensa ta cinye gaɓar gidan mutum nawa, ba ya ma waiwaye.

Nikifor kuwa, wanda Aksiniya ke so, kwalekwale ɗaya gare shi, baƙi ƙirin, sai filafili biyu. Mutum huɗu yake ɗauka, ba ya ƙarawa ko minista ne. Ya tsaya da su can nesa, ya miƙa musu madubin hangen nesa, duk wanda ya ɗaga murya ya juyo da shi gida. Baƙinsa ba su da yawa amma sukan yi mako guda, su kwana a ɗakunan zawarawan ƙauye, su sayi zumarsu da cukunsu. Kuma shi kaɗai ya san hanyar Tafkin Kurma, inda kwasakwasa masu cukurkuɗaɗɗen gashin kai suke saka ƙwai. Shekara uku Kalistrat yana neman hanyar. Har ɗan jirgi mai kyamara ya tura sama, ya ga tafkin sarai, amma hanyar cikin kyauro ba ta ganuwa daga sama.

Da Nikifor ya zo neman aure bara, magana ɗaya Sidor ya yi masa: ya nuna hanyar Tafkin Kurma, ya ɗauki yarinya. Nikifor ya mayar da hularsa ya fita. Tun ranar maganar take nan tsaye kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Bayan baƙi sun watse na ce wa Aksiniya ta ɗauko min kwanon wanki ta raka ni bakin ruwa. Na san Nikifor yana can yana shafa wa kwalekwalensa kwalta. Na zauna a ƙarshen gadar katako na ba su baya. Idona ya yi rauni, amma kunnena bai san na tsufa ba.

"Nikifor, jibi ne fa."

"Na sani."

"Kullum ka sani. To me ka yi?"

"Gwaggo ta ce akwai kabewa."

"Kabewa Kalistrat za ta kora, ba za ta kawo ka ba. Ya tafi da ita, ya janye baƙinsa daga gidanmu, Baba ya daina yi min magana, ni in zauna ina kallon ruwa. Sai kuma me?"

"Ki bari kaka ta yi. 'Ya'yan su yi fiffike su tashi, in koma in sake roƙonsa."

"Kaka ta uku ke nan kana cewa in bari kaka ta yi." "Tawul ɗin nan tun ina shekara ashirin da uku na gama shi. Sau biyu ina wanke shi saboda ƙurar akwati. Ƙawayena duk suna Jamus da Italiya, kowace ta kira sai ta ce me nake jira a cikin sauro. Me zan ce musu? In ce ina jiran tsuntsu ya ƙyanƙyashe?"

Ya ci gaba da goga kwalta a wurin da ya riga ya shafa.

"Sau ɗaya, Nikifor. Ka kai shi sau ɗaya ya gani. Tsoho ne."

"Na taɓa kai mutum sau ɗaya."

"Na ji labarin."

"Kin ji, ba ki gani ba." Ya ajiye burushin. "Ni da Kalistrat benci ɗaya muka zauna a makaranta. Ya rantse min da kabarin babansa sau ɗaya zai je wani tafki na arewa inda kwasakwasa suke sheƙa. Bayan kwana goma na koma. Sheƙa ta fi ɗari, babu uwa ko ɗaya a kai. Inji yana tayar da su, hankaki suna sauka kan ƙwai. Hankakin sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Na ɗauki ƙwai ɗaya da bai fashe ba, sanyi ƙalau a hannuna. Shekara huɗu yanzu, ba su koma ba. Ni na kai shi, Aksiniya, da wannan hannun."

"Babana ba Kalistrat ba ne."

"Babanki kullum tebur ɗaya yake ci da Kalistrat."

Na ji kwanon wanki ya bugi katako.

"Da wannan teburin aka raine ni. In kana ƙyamarsa ka faɗa min yau in sani."

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Ka dube ni. Kar ka dubi kwalekwale, ni za ka duba. Ni ko tsuntsayen?"

Ni kuwa ina can ina matse riga ɗaya har ta kusa yagewa.

"Ke kina da baki," ya ce a hankali. "Kina da Gwaggo, kina da kabewa. Su ba su da komai, sai dai kawai ba a san hanya ba."

Ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya fita da ƙara, sai kafaɗu.

"Ni ma ai na san hanyar," ta ce. "Sau nawa na bi ka ina yi wa baƙinka fassara?"

"Na sani. Ke kaɗai na yarda da ke a duniyar nan."

Kun ji fa. Namiji ya hana ki aure shekara uku, sannan ya ɗora miki amana a ka ya ce kyauta ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin haushin shi ne na san gaskiya yake faɗa. Na kwashe wankina na ja hannunta muka tafi, tana share ido da gefen ɗankwali.

Da la'asar muka tarar da Sidor a ƙarƙashin inabi yana ɗinkin koma. An rufe kamun kifi sai Yuni, amma hannunsa ba ya iya zama haka nan. Aksiniya ta tsaya a gabansa.

"Baba, jibi kabewa zan ba Kalistrat."

"Babu kabewa a gidan nan."

"Akwai," na ce.

Ya ɗago ya harare ni. "Yaya, ke da na ɗauko ki na ba ki ɗaki."

"Ka ba ni ɗaki, ba ka ce ga abin da zan sa a ƙarƙashin gado ba."

Ya jefar da allurar komar. "Ku duka kun haɗa kai da tsuntsu. Shekara hamsin ina ruwan nan. Yau an ce nan kar ka shiga, can kar ka jefa. Kwasakwasa ya cika jakarsa da kifi babu mai tambayarsa takarda, ni sai da takarda. Ɗana Ignat yana Italiya yana tsinkar tumatirin wani ƙato, 'ya'yansa ba su san muryata ba sai a waya. Makarantar ƙauyen nan yara tara suka rage. In baƙi suka daina zuwa, wa zai zauna? Ku da tsuntsayen?"

"In tsuntsayen suka gudu, baƙin me za su zo gani, Baba?"

"Maganar Nikifor ce a bakinki."

"Tawa ce."

Ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, a nan ne na gane inda ciwon yake.

"Ranar da aka haifi yaron nan ni na tuƙo ungozoma. Ni na koya wa ubansa ɗaurin ƙugiya. Yau ya tsaya a tsakar gidana ya nuna min akwai wuri a ruwan nan da bai yarda in gani ba. Kamar ni ɓarawo ne."

Aksiniya ta dube ni, na dube ta. Da na san abin da ke zuwa da na toshe mata baki da tsummar wanki.

Ta durƙusa a gabansa ta kama hannunsa. "In ka gani fa, Baba? Kai kaɗai. Ba inji, ba Kalistrat, ba ka faɗa wa kowa ko Mama. In na kai ka ka gani da idonka, za ka karɓi burodin Nikifor?"

"Ke za ki kai ni?"

"Ni."

"Ya sani?"

Ta juyo ta dube ni.

"Zai sani bayan an ɗaura tawul," na ce. Ni na faɗi haka, ba wani ba. Na ga yarinya ta gaji, na ga ƙofa ta buɗe, na tura ta ciki.

Sidor ya tashi ya shiga ɗaki, muka bi shi. Ya tsaya gaban hoton Maryamu da ke kusurwa inda fitila take ci, ya yi alamar gicciye sau uku, ya rantse ba zai kai inji wurin ba kuma bakinsa ba zai faɗa wa kowa ba. Na san ƙanena. Yana da taurin kai kamar tsohon jaki, amma bai taɓa karya rantsuwa ba, kuma wannan ma bai karya ba.

Asabar gari na wayewa muka fita a tsohon kwalekwalensa. Aksiniya a gaba tana nuna hanya da hannu, Sidor a baya a tsaye da doguwar sandar tuƙi, ni a tsakiya na juya ina fuskantarsa saboda iska. Nikifor ba ya barin alama a hanya, a kansa yake riƙe ta, haka ya koya wa Aksiniya: mataccen itace, sai wurin da ruwa ya yi baƙi, sai wata kafa a cikin kyauro da za ka rantse agwagwa ma ba za ta wuce ba. Mun yi kwana ta fi goma sha biyar. Kyauron ya ninka tsawon mutum biyu, ya rufe mu ruf.

A kowace kwana, Sidor yakan miƙa hannun hagu ya kamo kan kyauro uku, ya murɗa, ya ƙulla sau biyu, ya sake, sandarsa ba ta ko tsaya ba.

Na gani. Da idona na gani. Haka babanmu yake yi, haka kakanmu yake yi, duk masuncin da ya shiga sabon wuri haka yake yi don kada ruwa ya haɗiye shi a dawowa. Ban ga komai a ciki ba, kamar in ga mutum yana sosa ƙeya. Shi ma na tabbata bai san hannunsa yana yi ba. Aksiniya kuwa gaba take kallo.

Ta ɗaga hannu, Sidor ya kafa sanda. Ta ɗan buɗa kyauro da yatsu biyu.

Kwasakwasan suna can tsakiyar tafkin a kan tsibirin ciyawa, fari fat, sun fi ƙarfin ƙirga. Kowace uwa a kwance a kan sheƙarta, iska tana wasa da gashin kansu. Wasu sun riga sun ƙyanƙyashe. Na ga wani ɗan tsirara, mummuna kamar kazar da aka fige, ya cusa kansa gaba ɗaya cikin jakar uwarsa yana ci. Babu ƙarar komai sai ɗan gurnaninsu.

Sidor ya daɗe a tsaye. Can ya cire hularsa.

"Shekara hamsin ina zaginsu," ya ce da raɗa, "ban taɓa ganinsu a gidansu ba."

Ya juya kwalekwalen a hankali yadda ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Sai da muka fito babban ruwa ya yi gyaran murya.

"Ki aika masa. Ya zo gobe da burodinsa, bayan waɗancan sun tafi."

Aksiniya ta rufe fuska da hannu biyu tana kuka tana dariya, har kwalekwalen ya nemi kifewa na daka mata tsawa. Na yi farin ciki ranar, ba zan ɓoye ba. Ni da kaina na je na faɗa wa Nikifor cewa tsoho ya sauko. Ya tambaye ni dalili, na ce addu'a ce.

Lahadi bayan an fito coci Kalistrat ya iso da kawunsa da ubangidansa na baftisma, sun sha fararen riguna, burodi a naɗe cikin ƙyalle. Maƙwabta suka cika bakin shinge, kowa ya zo aron gishiri a lokaci ɗaya. Matrona ta jera kofuna tana ta murmushin dole. Kawun ya yi doguwar maganarsu ta al'ada, wai mafarauta ne sun biyo sawun wata dabba mai kyau har ƙofar gidan nan. Sidor ya ce a kira yarinya ta amsa da kanta.

Na shiga ɗakina na durƙusa na jawo kabewar. Na ƙwanƙwasa, ta amsa garau. Na goge ta da bargon na ɗora wa Aksiniya a hannu.

Da ta fito da ita Matrona ta zauna daɓas a kan benci. Aksiniya ta taka har gaban Kalistrat.

"Ka yi haƙuri, Kalistrat. Alherinka ga Mama ba zan manta ba. Amma ga amsata."

Na ga maza da yawa sun karɓi kabewa a rayuwata. Wani ya yi ja, wani ya yi zagi, wani ya fita ta bayan gida. Ban taɓa ganin wanda ya karɓa yana murmushi ba. Kalistrat ya auna nauyinta a tafin hannu, ya dube ni.

"Gwaggo Fedosiya, wannan ajiyarki ce. Ta sha kulawa."

"Ta fi wasu mutanen."

Ya yi dariya. "Ba komai. Ban fita hannu banza ba." Ya juya wajen Sidor. "Baba, na gode da ƙulli."

"Wane ƙulli?"

"Naka mana, mai murɗi biyu, wanda duk ƙauyen nan aka sani. Direbobina sun fita da sassafe suka gan shi sabo fil a bakin kyauro, bayan mataccen itacen nan. Suka ce kamun kifi a rufe yake, me ya kai Baba Sidor can? Suka bi ɗaya bayan ɗaya." Ya duba agogonsa. "Jirage biyu na tura da baƙi. Yanzu haka sun kusa."

Sidor ya buɗe tafukan hannunsa yana kallonsu kamar na wani ne aka ba shi riƙo.

"Na rantse ban faɗa ba," ya ce. "Aksiniya, ban faɗa wa kowa ba."

"Kira su," ta ce wa Kalistrat. Ta kama hannun rigarsa. "Ka kira su su juyo. Don Allah. Akwai ƙwai, akwai 'ya'ya tsirara. Ka kira su."

"Waya ba ta shiga cikin kyauro, kin fi ni sani." Ya zare hannunsa a hankali. "Kuma ke kika riga kika ba da amsa."

Ya fita da mutanensa. A kan gadar katakonmu ya ajiye kabewar bisa turken ɗaure jirgi, ya ce ba zai ɓata wa jirginsa kujera ba, ya tayar da inji ya tafi.

Muka bi shi bakin ruwa, ban san me muke zaton za mu yi ba. A lokacin ne na hango kwalekwale baƙi yana tahowa daga ƙasan ƙauye. Nikifor ne, cikin farar rigar babansa da ta yi masa yawa a kafaɗa, ya yi aski har ya yanke haɓa. Burodi yana kan benci a gabansa, an rufe shi da ƙyalle mai jan baki. Yana tuƙi yana waiwayowa yana murmushi, mutumin da sai a yi wata ba a ga haƙorinsa ba.

Aksiniya ta ruga ɗaki ta dawo da tawul ɗin. Ina jin ta yi zaton in ta ɗaura kafin ya sani, zai ɗauru.

Ya kama turke ya hau gadar. Ya buɗe baki zai gaida Sidor, sai ya tsaya. Daga can gabas, nesa, ana jin kukan inji siriri. Ya juya.

Kwasakwasan suka tashi. Da farko kamar hayaƙi a saman kyauro, sannan suka yi sama, fari fat, ɗaruruwa, suna juyawa suna juyawa a wuri ɗaya, ba su tafi ba kuma ba su sauka ba. A ƙasansu wasu baƙaƙen ɗigo, hankaki, suka fara taruwa daga kowane gefe.

Ban san tsawon lokacin da ya yi yana kallo ba. Da ya juyo, Aksiniya kaɗai ya duba.

"Wa?"

"Nikifor, ka saurare ni."

"Wa ya nuna?"

"Ni ce." Hawaye yana zuba har cikin bakinta. "Baba kaɗai na kai, sai Gwaggo. Ya rantse, kuma bai faɗa ba. Don mu na yi, don ka zo yau na yi. Na gaji, Nikifor, na gaji da jira."

"Hannuna ne, ɗana," Sidor ya ce. "Na ƙulla kyauro. Ban san na yi ba."

"Ni na gani ban hana ba," na ce. "In zagi ne ka fara da ni."

Bai zagi kowa ba. Da ya zage mu da ya fi min sauƙi. Ya dubi tawul ɗin da ke hannunta, da jajayen furanni da kwasakwasa biyu da ta ɗinka a gefe. Ta miƙo shi, tana neman hannunsa.

"Ka bari in ɗaura. Sai mu tafi tare mu kwance ƙullin, ni da kai da Baba. Wataƙila su sauka. Wataƙila ba duka ba ne."

"Direbobinsa sun riga sun san hanya," ya ce. "Gobe ba sa bukatar ƙulli."

Ya matsa gefe, tawul ɗin ya wuce iska. Idonsa ya faɗa kan kabewar da ke bisa turke. Ya sa hannu biyu ya ɗauke ta.

"Ba taka ba ce," Aksiniya ta ce. "Ta Kalistrat ce, shi na ba. Nikifor, ajiye. Gwaggo, ki ce masa ya ajiye."

Tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa ganin namiji ya ɗauki kabewa da hannunsa ba tare da an miƙa masa ba, ga shi rabin gari yana bakin shinge yana gani.

Ya sauka cikin kwalekwalen ya ajiye ta a kan benci kusa da burodin. Ya kwance igiya, ya kama filafili, ya juya hancin jirgin gabas, wajen da tsuntsayen suke ta juyawa a sama. Mai tuƙi baya yake fuskanta, don haka fuskarsa tana wajenmu har ya shiga kyauro, amma bai ƙara ɗago ido ba.

Aksiniya ta zauna a kan katako da tawul a cinya. Matrona ta zo ta tsaya a kanta.

Wata bakwai ina durƙuso da ciwon gwiwa ina ƙwanƙwasa kabewar nan, ina roƙon Allah kada ta ruɓe. Ya kuwa amsa min, ba ta ruɓe ba.